Gona a Cikin Na'ura: Tarihin Kwaikwayon Noma da Lissafi da Ginuwar Tsarin APSIM

Gabatarwa

Damina ɗaya ce manomi yake samu a shekara. In ya shekara arba'in yana noma, to, ya ga damina arba'in ke nan, kuma da wuya a sami biyu daga cikinsu da suka zo da hali ɗaya. Wata takan faɗi da wuri ta ɗauke da wuri, wata ta yi jinkiri sa'an nan ta zo da ambaliya, wata kuwa ta fara lafiya lau, sai dawa ta ɗauki ciki ruwa ya tsaya. Malamin gona mai gwaji a tashar bincike shi ma bai tsira daga wannan ƙunci ba. Yakan gwada sabon iri ko sabon awon taki har shekara uku, ya rubuta rahoto, ma'aikata kuwa ta mai da rahoton nan shawara ga manoman lardi guda. Idan shekarun nan uku na ruwa ne, to, wanda ya bi shawarar a shekarar fari zai tashi ba hatsi, ga bashin taki a wuyansa.

Hanyar da masana suka fara bi don kauce wa wannan haɗari ita ce gwaji mai dogon zango. A tashar Rothamsted ta Ingila akwai gonar alkama da aka fara gwajin taki a cikinta tun 1843, har yau kuwa ba a daina ba. A Samaru ta Zariya an kafa irin wannan gwaji na takin gida da na zamani a 1950. Sai dai irin waɗannan gonaki 'yan kaɗan ne a duniya, suna da tsada, kuma amsar da suke bayarwa ta wurin da suke ce kawai.

Wannan lacca za ta bi tarihin wata hanya dabam, watau noma gona a cikin kwamfuta ta hanyar lissafi, yadda za a ga abin da damina ɗari za ta yi wa shuka cikin 'yan daƙiƙoƙi. Za a fi mai da hankali ga tsarin da ake kira APSIM, wanda aka gina a Ostareliya, da kuma magabatansa na Holan da Amurka. Abin da tarihin zai nuna shi ne, na'ura ta rage wa mai bincike shekarun jira, amma ba ta ɗauke masa wahalar awo ba ko kaɗan.

Ma'anar makwaikwayi da yadda yake aiki

Tun da yake Hausa ba ta riga ta tsai da suna ga wannan abu ba, za a kira shi makwaikwayi a nan. Kamar yadda ɗan wasan kwaikwayo yake ɗaukar halin sarki ko na dillali ya nuna shi ba tare da ya zama su ba, haka wannan jerin lissafi yake ɗaukar halin gona ya nuna shi kwana bayan kwana.

Abu huɗu ake ba shi. Na farko yanayin kowace rana, watau ruwan sama, da zafi mafi yawa da mafi ƙaranci, da ƙarfin hasken rana. Na biyu halin ƙasa daga sama zuwa inda saiwa take kaiwa. Na uku halin irin da aka shuka. Na huɗu kuwa aikin manomi: ranar shuka, da tazara, da taki. Daga nan sai lissafi ya fara. Ana ɗaukar ƙasa tamkar randa. Alal misali, a ce ƙasar wata gona tana riƙe da damshi milimita 60, aka yi ruwa milimita 30, biyar suka gudu a kwazazzabo. Randa ta koma 85 ke nan. Washegari rana ta sha biyu, ganye ya zuƙi huɗu, saura 79. Girman tsiro kuma ana lissafa shi da jimillar zafi. A makwaikwayin masara na Amurka, ana cire digiri 8 daga matsakaicin zafin rana, abin da ya rage shi ne rabon wannan rana; ranar da matsakaicinta ya kai 28 ta ba da 20. In jimilla ta kai adadin da iri yake bukata, sai ya yi bunni. Ta kai wani adadin, sai ya nuna. Nauyin da tsiro zai ƙara a rana kuwa yana bin hasken da ganyensa ya tare, sai dai in ruwa ko naitirojin ya gaza, a rage masa daidai gwargwado.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan lissafai da ya fi ƙarfin ɗalibin sakandare. Wahalarsu tana cikin yawansu ne, da yadda kowane yake taɓa ɗan'uwansa. Shi ya sa sai da kwamfuta ta samu aka iya haɗa su wuri guda.

Mafari: makarantar de Wit a Holan

Tubalan wannan gini sun riga ginin kansa. A 1948 Howard Penman, ma'aikaci a Rothamsted, ya fitar da hanyar lissafa ruwan da rana da iska suke ɗebewa daga ƙasa da ciyawa. A 1953 masana biyu na Japan, Monsi da Saeki, suka bayyana yadda haske yake raguwa yayin da yake ratsa ganye daga saman shuka zuwa gindinta. A Amurka kuma Jay Forrester ya koyar da yadda za a bi sauye-sauyen kowane tsari mai sassa da yawa ta hanyar lissafin shiga da fita, ko da yake shi masana'antu ne a gabansa.

Wanda ya tara waɗannan tubala ya fuskanci gona da su shi ne C. T. de Wit na Wageningen a ƙasar Holan, wanda ya rayu daga 1924 zuwa 1993. A 1958 ya nuna dangantaka tsakanin ruwan da tsiro yake fitarwa ta ganye da nauyin da yake tarawa. A 1965 ya yi amfani da kwamfuta ya lissafa yawan abincin da ganyen gona guda zai iya haɗawa da hasken rana a wurare dabam-dabam na duniya. Daga wannan aiki ne makwaikwayan Wageningen suka biyo juna: ELCROS a 1970, BACROS a 1978, SUCROS a 1982.

Babbar gudummawar wannan makaranta ita ce rarraba amfanin gona hawa-hawa. Akwai iyakar abin da haske da zafi da iri za su iya bayarwa in ba a rasa kome ba. Ƙasa da shi akwai abin da za a samu in ruwa ne kaɗai ya gaza. Ƙasa da wannan kuma akwai abin da za a samu in taki ma ya gaza. Tazarar da ke tsakanin hawa da hawa ita ce take nuna wa hukuma inda ya kamata ta sa kuɗinta.

An gwada wannan tunani a Afirka ta Yamma tun da wuri. Bayan farin farkon shekarun 1970, masanan Holan da na Mali sun yi bincike a kan makiyayar Sahel daga 1976 zuwa 1980, aka buga sakamakonsa a 1982 a ƙarƙashin jagorancin Penning de Vries da Djitèye. Abin da suka gano ya ba mutane da yawa mamaki: a kudancin Sahel, ƙarancin naitirojin da fosfaras a cikin ƙasa ya fi ƙarancin ruwa tauye ciyawa. Watau ruwa yakan sauka, amma ƙasa ba ta da ƙarfin da tsiro zai mori ruwan.

Amurka: daga cinikin alkama zuwa DSSAT

Masanan Holan fahimtar tsiro ce ta dame su. A Amurka kuwa kasuwa ce ta zaburar da aikin. A 1972 Tarayyar Sobiyet, bayan ta yi mummunar kaka, ta sayi alkama mai ɗimbin yawa daga Amurka a farashi mai sauƙi kafin hukumomin Amurka su gane girman gibin da ke can. Farashin hatsi ya tashi a duniya. Daga nan gwamnati ta ga lalle tana bukatar hanyar kintatar amfanin gonar ƙasashen waje tun kafin girbi, ta zuba kuɗi a kan taurarin ɗan Adam da kuma makwaikwaya.

A tashar bincike ta Temple a jihar Teksas, Joe Ritchie da abokan aikinsa suka gina makwaikwayan da ake kira CERES, na alkama da na masara. An buga littafin na masara a 1986. Sun sassauta lissafin da gangan domin ya yi aiki da bayanan da tashar yanayi ta yau da kullum take tarawa. A Jami'ar Fulorida kuma James Jones da Kenneth Boote da sauransu suka gina na waken suya da na gyaɗa.

Daga 1982 zuwa 1993 hukumar agajin Amurka ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna IBSNAT, wanda Goro Uehara na Jami'ar Hawai ya jagoranta. Manufarsa ita ce a iya ɗaukar fasahar noma daga wata ƙasa zuwa wata ba tare da maimaita gwaji a kowane wuri ba. Shirin ya yi abu biyu masu ɗorewa. Ya tsai da mafi ƙarancin bayanan da dole kowane mai gwaji ya rubuta, a kan tsari ɗaya. Sa'an nan ya tara makwaikwayan nan cikin kunshi guda mai suna DSSAT, wanda aka fara rabawa a 1989, wanda kuma a yau yake ɗauke da amfanin gona fiye da iri 40.

Amma duk waɗannan, a zubinsu na farko, shuka ce a tsakiyarsu. Lissafi yakan fara ranar shuka ya ƙare ranar girbi. Abin da masarar bana ta bar wa ƙasa, da abin da waken baɗi zai tarar, ba su shiga ciki sosai ba.

Darasin Kenya da bukatar Kwinslan

A nan ne tarihin ya koma hannun mutanen Ostareliya, ko da yake wani sashe nasa a Afirka ya fara. A rabin ƙarshe na shekarun 1980, wasu masana daga hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya, CSIRO, cikinsu har da Robert McCown da Brian Keating, sun yi aiki da takwarorinsu na Kenya a tashar Katumani kusa da Machakos. Yanki ne mai damina biyu a shekara, amma kowacce gajeriya ce kuma ba ta da tabbas. Suka ɗauki makwaikwayin masara na CERES suka gyara shi ya dace da wurin, suka yi amfani da shi wajen auna haɗarin sa taki da yawan tsiro a hekta.

Aikin ya yi amfani, amma ya bayyana wani gibi. Matsalar ƙananan manoman Machakos ta wuce ta damina guda. Ƙasarsu tana gajiya shekara bayan shekara, zaizaya tana kwashe samanta, karan masara da ya kamata ya rufe ta dabbobi suna bukatarsa, takin shanu bai isa ba. Makwaikwayin da yake mantawa da gona ranar girbi ba zai iya amsa irin waɗannan tambayoyi ba.

A gida ma haka suka tarar. Yankin hatsi na jihar Kwinslan yana cikin wuraren da ruwan samansu ya fi rashin tabbas a duniya, yana hawa yana sauka tare da sauyin ɗumin tekun Fasifik da ake kira El Nino. Yawancin ƙasarsa baƙar laka ce mai tsagewa, mai riƙe ruwa watanni, irin firkin yankin tafkin Chadi inda ake dasa masakwa bayan damina. Manomi a can yakan bar gona ta huta don ta tara damshi, sa'an nan ya zaɓa: ya shuka dawa da zafi, ko ya jira ya shuka alkama da sanyi, ko ya ƙara jira. Kowane zaɓi yana rataye da wanda ya gabace shi. Ma'aikatan gwamnatin jihar sun riga sun gina wani makwaikwayi mai suna PERFECT don nazarin zaizaya da gudun ruwa, CSIRO kuma tana da nata mai suna AUSIM. Kowane yana da abin da ɗayan ya rasa.

A farkon shekarun 1990 sai hukumomin biyu suka haɗa ma'aikatansu a rukuni guda mai suna APSRU a garin Tuwumba. Ban da McCown da Keating, akwai Graeme Hammer da Peter Carberry da David Freebairn da Merv Probert da Dean Holzworth da wasunsu. Abin da suka gina shi ne APSIM, suna da ke nufin makwaikwayin tsare-tsaren noma. An gabatar da shi ga masana a wata takarda ta 1996, aka sake bayaninsa a 2003 da 2014.

Abin da ya bambanta tsarin

Shawara biyu suka bambanta APSIM da magabatansa. Ta farko ita ce mai da ƙasa tsakiyar lissafi. Ƙasa ce 'yar gida, shuke-shuke baƙi ne masu sauka su tashi. Agogon lissafi ba ya tsayawa ranar girbi. Yana ci gaba cikin rani, kara yana ruɓewa, damshi yana raguwa ko yana taruwa, har shuka ta gaba ta zo ta gaji abin da aka bari. Ta haka ake iya bin gona guda shekara hamsin, a ga bambancin wanda yake sauya dawa da wake da wanda yake maimaita dawa, ko wanda yake ƙone kara da wanda yake barinsa.

Ta biyu ita ce gina shi sashe-sashe. Akwai sashen yanayi, da na ruwan ƙasa, da na naitirojin, da na kara da shara, da na zaizaya, kowace shuka kuma da nata. Sassan ba sa shiga cikin juna. Akwai wata cibiya da take kai saƙo tsakaninsu, kamar yadda mai unguwa yake tsakanin gidaje. Amfanin wannan shi ne, masanin rake zai iya gina sashen rake ya saka ba tare da ya taɓa lissafin ruwa ba, in kuma aka sami hanya biyu ta lissafa abu ɗaya, sai a cire wannan a saka waccan a ga wadda ta fi dacewa da awo. Sashen fosfaras da na takin dabbobi, alal misali, an ƙara su ne musamman saboda gonakin ƙananan manoma na ƙasashe masu zafi, aka kuwa gwada su da bayanan Kenya.

Akwai kuma sashen da yake tsayawa a matsayin manomi. Maimakon a ba shi ranar shuka ƙayyadajjiya, ana rubuta masa doka: in ruwa ya kai kaza cikin kwana kaza, damshi kuma ya kai zurfi kaza, a yi shuka, in bai kai ba, a jira. Da wannan ne aka fara gwada dabarar manomi ita kanta, ba iri ko taki kaɗai ba.

Wani abu da ya taimaki mutanen Ostareliya shi ne gadon da suka tarar. Dubban tashoshi, da yawansu a gidajen waya da gonakin makiyaya, sun yi ta rubuta ruwan sama kullum tun ƙarni na 19. Gwamnatin Kwinslan ta tara waɗannan a rumbun bayanai mai suna SILO, wanda ya faro daga 1889. Saboda haka duk dabarar da aka rubuta ana iya gwada ta a kan damina fiye da ɗari. Amsar da ke fitowa kuwa ba adadi ɗaya ba ce. Takan ce, a cikin shekara goma, wannan awon taki zai biya a bakwai, a tashi babu riba a biyu, a yi asara a ɗaya. Mai gona ne zai duba ƙarfin aljihunsa ya ga ko zai iya ɗaukar wannan ɗayar.

A teburin manomi

Masu ginin sun ɗauka da farko cewa da zarar kayan aiki ya yi kyau manoma za su rungume shi. Ba haka aka yi ba. Manhajoji da dama da aka yi don ba manomi shawara, a Ostareliya da wajenta, sun ƙare a kan kanta ba mai buɗe su. McCown ya shafe shekaru yana binciken dalili, ya buga sakamakon a 2002. Taƙaicensa shi ne, gogaggen manomi ba ya son na'urar da za ta yanke masa hukunci, domin ya san abubuwa game da gonarsa da iyalinsa da bashinsa waɗanda na'ura ba ta sani ba.

Rukunin ya sauya hanya ta wani shiri mai suna FARMSCAPE. Masana suka riƙa zuwa gonakin manoma da kansu, su haƙa ƙasa su auna ruwa da naitirojin da ke cikinta, sa'an nan su zauna da manoman a teburin cin abinci da kwamfuta a gabansu. Da farko sai a kwaikwayi kakar da ta wuce a gonar ɗaya daga cikinsu. In adadin ya zo kusa da abin da ya girba, sai shakka ta ragu, tambayoyi su fara fitowa daga bakin manoman: da na jinkirta mako biyu fa? Da na ninka taki fa? Abin lura shi ne, da yawansu awon ƙasar ne ya fi burge su, don sun ga a karo na farko yawan ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙafarsu. Wasu kuma, da suka koyi abin da za su koya, sai suka mai da shi ƙa'idar ka suka daina neman kwamfutar. Masanan suka gane cewa wannan ma nasara ce.

Daga wannan aiki ne aka sami Yield Prophet a farkon shekarun 2000, wata hanya ta intanet da CSIRO ta gina tare da ƙungiyar manoman Birchip ta jihar Biktoriya, inda manomi ko mashawarcinsa zai shigar da awon gonarsa ya ga abin da kakar bana za ta iya bayarwa. A 2007 aka kafa wata haɗaka ta CSIRO da gwamnatin Kwinslan da Jami'ar Kwinslan don kula da tsarin, daga baya cibiyoyi daga Niyu Zilan da Amurka suka shigo. An buɗe shi kyauta ga mai bincike da ɗalibi, an kuma sake rubuta shi daga tushe a sabon zubi da aka yi bayaninsa a 2018.

Komawa Afirka

Tsarin da ya ɗauki darasinsa na farko a Kenya ya dawo nahiyar. A Zimbabuwe, ma'aikatan cibiyar ICRISAT sun yi amfani da APSIM wajen tambayar da shawarar hukuma ba ta taɓa amsawa ba: in manomi ba zai iya sayen awon takin da aka ce ba, ɗan abin da zai iya saye yana da amfani? Lissafi ya nuna yana da shi, har a yankunan fari. Aka bi wannan da gwaje-gwaje fiye da dubu a gonakin manoma a tsakiyar shekarun 2000, aka ga kimanin kilo 17 na naitirojin a hekta yana ƙara hatsi da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari.

A Nijar, wani nazari da aka buga a 2010 ya daidaita APSIM da gwaje-gwajen gero na yankin Sahel, sa'an nan ya gwada awon taki dabam-dabam a kan daminun shekaru masu yawa. Ya nuna cewa ga manomin da yake noma don ci, kilo 15 na naitirojin a hekta ya fi masa kwanciyar hankali a kan kilo 30 da aka saba shawarta, ko da yake na biyun ya fi ba da hatsi in an ɗauki matsakaici. An yi makamancin wannan a kan dawa a arewacin Ghana. A Nijeriya kuma masu bincike na Jami'ar Bayero da na cibiyoyin IITA da ICRISAT a Kano sun yi amfani da APSIM da DSSAT wajen tantance lokacin shuka da awon taki na masara da dawa.

Iyakar abin

Ba kome makwaikwayi yake gani ba. Ƙuduji, da jan baki, da fara, da ciwon tsiro, da ƙarancin hannu lokacin noman firi, yawancinsu ba sa cikin lissafin yau da kullum. Haɗa gero da dawa da wake a kunya guda, wanda David Norman da abokan aikinsa suka nuna hikimarsa a ƙauyukan Zariya tun ƙarshen shekarun 1960, yana da wuyar kwaikwaya fiye da gona mai shuka ɗaya. Dawar gargajiya kuma tana bin tsawon yini ne wajen fitar da kai, yadda za ta yi fure daidai ƙarewar ruwan garinsu, kamar yadda D. L. Curtis ya bayyana game da dawar Nijeriya a 1968. Wanda ya ɗauki halin dawar Ostareliya ya ɗora wa farafara ko kaura, lissafinsa zai tafi daidai, amsarsa kuwa ta zama ƙarya.

Har ila yau, makwaikwaya ba bakinsu ɗaya ba. A 2010 aka kafa wata haɗaka ta duniya mai suna AgMIP don a gwada su da juna. A 2013 aka ba makwaikwayan alkama 27 bayanai iri ɗaya. Aka ga suna kusantar juna in an daidaita su da isasshen awo, suna kuma rarrabuwa yayin da aka ƙara zafi. An kuma lura cewa matsakaicin amsarsu duka yakan fi amsar kowane guda kusa da gaskiya. Da irin wannan taron ne na makwaikwaya 30 aka ƙiyasta a 2015 cewa kowane ƙarin digiri ɗaya na zafi zai rage alkamar duniya da kimanin kashi 6 cikin ɗari.

Kammalawa

Cikin shekara kusan sittin, wannan fanni ya tashi daga ganye zuwa tsiro, daga tsiro zuwa damina guda, daga damina guda zuwa ƙasa da shekarunta, daga nan kuma ya isa ga manomi da tambayoyinsa. A kowane mataki abin da ya ɗaga shi gaba awo ne da wani ya yi da hannu ya rubuta. APSIM ya yi ƙarfi a Kwinslan ne domin ma'aikatan gidan waya da makiyaya, waɗanda ba su taɓa jin sunan kwamfuta ba, sun duba ma'aunin ruwa kowace safiya sun cika takarda, wasu kuma suka adana takardun.

Wannan shi ne abin da ya shafi ɗalibi da ma'aikacin gwamnati kai tsaye. Manhajar kyauta ce, kwamfutar da za ta ɗauke ta kuwa tana kan tebur a ofisoshi da yawa. Abin da ba a iya saye ko aro daga waje shi ne littafin ruwan sama na ƙaramar hukuma, da awon ƙasar gonakinta, da bayanin ranar da irin garin yake fure. Taurarin ɗan Adam suna cike wani gibi, amma su ma da ma'aunin ƙasa ake gyara su. Shekarar da ma'auni ya fashe ba a sauya shi ba, ko aka bar fayil gara ta ci, ta tafi ke nan, babu lissafin da zai dawo da ita. Wanda zai ba manoman jikokinsa shawara nan da shekara hamsin, da abin da aka rubuta gobe da safe zai yi aiki.